Gangar da Ke Jiran Mama

Tun da ɓarin jikin mahaifina, Baba Jacob, ya shanye, gangarsa take rataye a bango. Abin da ya rage mana na kiɗansa waƙa ɗaya ce, wadda na ɗauka da waya a cocinmu na Rijau ranar godiyar kaka. Mama na ba da waƙa, 'yan zumuntar mata na amshi, shi yana kiɗa. Sai dai ranar fatar gangar ta saki, kai ka ce katifa ake bugu.

Na kai waƙar wurin Andrew, mai situdiyon ɗaukar waƙoƙi a bayan kasuwar Kontagora. Mutumin kirki ne, amma son gyara ya yi masa yawa. Ko hularka ya gani a karkace sai ya daidaita maka ita.

"Anti Margaret, bar min kawai," in ji shi. "Zan cire wannan sautin in saka na ganga mai kyau a gurbinsa."

Ya saka ɗin kuwa. Amma da ya ga a kwamfuta kowane bugun Baba yana ɗan makara, sai ya jawo su duka ya ɗora cif a kan layin da na'ura ta auna.

Na kawo Baba a keken guragu don ya ji. Na san in ya ce ba hannunsa ba ne, shi ke nan, ba mu da wata.

Ya saurara har ƙarshe. "Kiɗa ya yi kyau," ya ce. "Amma wannan makaɗin bai san matata ba. Ji yadda yake barin ta a baya."

Ashe Mama takan ja numfashi kafin ta kama baiti, shi kuma ya saba jiran ta.

Andrew ya kama kai yana dariya. Ya dawo da tsohon sautin, ya jera shi ƙarƙashin sabon, ya riƙa jan bugu ɗaya bayan ɗaya da hannu har sai bakin sabo ya hau bakin tsoho. Aikin ya cinye mana yini, har na gaji da zama na fita na sayo mana waina.

Da ya sake kunnawa, gangar ta ɗan dakata, Mama ta shigo, sannan bugun ya sauka. Daɗi ya kama ni. Na dubi Baba. Hannunsa mai lafiya ne ya fara bugun gwiwarsa, yana ɗan makara, daidai da na cikin sifika.