Bidiyon Yaya

Duk layinsu babu wanda ya kai mai hoto sanin cewa ido yana ƙarya, domin da wannan yake cin abinci. A ɗan shagonsa mai labule da fitila mai lema, ya tsayar da waɗanda ba su taɓa ganin filin jirgi ba a gindin jirgi, ya rage wa angwaye tumbi, ya mayar wa tsofaffi haƙoransu. Da aka shigo zamanin da na'ura ke ƙirƙiro fuska da murya, sai ya zama alƙalin unguwa. Duk wanda aka turo wa bidiyon da ya ɗaure masa kai, shagon yake nufa. Mai hoto zai ɗora tabarau a karan hanci, ya ƙirga yatsu, ya duba kunne da inuwa, sannan ya yanke hukunci. Yawanci yana yin daidai, kuma ya san yana yi. Abin da ya ɓata shi ke nan.

Yana da wa guda ɗaya, tsohon direban babbar mota, a wani gari. Sun yi shekaru ba sa ga maciji, kuma asalin rigimar ma hoto ne. Bayan rasuwar mahaifinsu, mai hoto ya gyara hoton tsohon, ya share tabon goshinsa, ya buɗe masa idon da ya mutu, ya kai gida cikin firam yana jiran yabo. Yaya ya kalla, ya ce a gaban mata da yara wannan ba ubansu ba ne, a mayar wa masu shi. Magana ta yi tsami. Da yake taurin kai gadonsu ne, kowa ya zauna jiran ɗan'uwansa ya fara sallama.

Wata rana da hantsi yana gyaran hotunan wani biki, saƙo ya shigo daga baƙuwar lamba. Bidiyo ne. Wani ramammen mutum kwance a gadon asibiti, da fuskar Yaya, yana jan magana da ƙyar.

"Auta, ni ne. Ka zo in gan ka. Abin da ya faru, ni ne da laifi. Ka yafe mini."

Gabansa ya faɗi, wannan kam babu musu. Amma sai ya lalubo tabarau. Ya tarar leɓen ba ya tafiya tare da maganar, gefe ɗaya na fuskar kuma a daskare. Hannun dama yana ajiye kan bargo kamar an manna shi. Yayan da ya sani ƙato ne mai cika ƙofa, wannan kuwa an zuƙe masa wuya. Da matarsa ta kawo masa abincin rana, ya nuna mata kurakuran ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar dariya, yana cewa wanda ya haɗa abin ɗan koyo ne.

Ita dai ba ta yi dariya ba. Ta ce ko ma ƙarya ne, mene ne a ciki in ya kira ya ji lafiyar ɗan'uwansa? Ya ce 'yan damfara haka suke so, a kira, su samu ƙofa. Ta ce to ya kira tsohuwar lambar Yayan mana. Nan ya ɗaure fuska.

"Kin taɓa jin Yaya ya ce wa wani ya yafe masa? Ko akuya ya take da mota, sai ya ce ita ta shigo hanya. Na'ura ta iya fuskarsa, ba ta san halinsa ba."

Hujjar ta yi masa daɗi ƙwarai, don ta ɗauke masa nauyin ɗaga waya. Ya toshe lambar, ya goge bidiyon, ya koma kan hoton amarya.

Ba a rufa mako ba aka kira matarsa aka ce Yaya ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, babbar 'yar mamacin ta same shi a tsakar gida. Rabonsa da ita tun tana kitson makaranta, yanzu ga ta da goyo. Ba ta yi masa gori ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Baba, baki ya karkace, hannun dama ya mutu. Ya hana kowa sanar da ƙaninsa, ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara da bakinsa. A wayarta suka ɗauka. Sun yi ta maimaitawa saboda kalmar yafiya ba ta fita sosai, har gumi ya jiƙa masa riga.

Mai hoto ya buɗe baki zai yi bayanin leɓe da inuwa, kunya ta hana shi. Da ƙyar ya tambaya ko Yaya ya tafi da fushinsa.

"A'a, Baba ƙarami, ko kaɗan," in ji ta. "Da na gaya masa waya ta nuna ka kalla, murna ya yi. Ya ce tunda ka gani, kana hanya. Har ya cika bai yarda an rufe ƙofar ɗakin ba."