Layi a Kan Zoben Daw Nyunt

Daw Nyunt ta ɗaga dutsen tana juya shi tsakanin yatsu, kamar yadda ta saba yi shekara talatin a kasuwar duwatsu ta Mogok. Ja kawai ta gani, kamar an ɗiga jini a ruwan wanki. Yanar ido ta rufe idonta na hagu tun bara, na dama ya bi sahu da damina, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

A kasuwar nan idonta ne abincinta. Ana kawo mata dutse ta duba, ta ce yaƙutu ne ko anyan, jan dutsen nan mai kama da shi amma bai kama ƙafarsa a daraja ba, a ba ta ladan dubawa. Wata shida ke nan tana lallaɓawa: ta auna nauyi a tafin hannu, ta bar dillali ya fara magana, ta ji inda muryarsa ta karkata. Ranar da aka gane, ranar za ta naɗe laimarta, kuma ba ta da ɗa ba ta da jika.

"Anyan ne, Gwaggo," in ji Ko Zaw Latt, dillalin da ke tsaye a kanta, bakinsa jajir da abin taunawa. "Faɗa mata mu wuce, rana na yi."

Mai dutsen tana durƙushe a gaban faranti. Sunanta Ma Htay, tana cikin matan da al'ada ta bar wa tsintar abin da ya kuɓuce a tsakuwar da masu ramin haƙar duwatsu suka zubar a rafi. Mijinta na kwance tun da ƙasa ta rufta masa a ƙafa. Daw Nyunt ba ta ganin fuskarta, amma tana jin warin laka a jikinta.

"Gwaggo, shekara tara ina tsugune a ruwan nan," in ji Ma Htay. "Ban taɓa ɗaukar dutse ya sa hannuna rawa ba sai wannan. Abin da kika ce shi zan bi."

"Ji ta," Ko Zaw Latt ya yi dariya. "Sanyin ruwa ne ya sa ki rawa, ƙanwata."

Daw Nyunt ta kunna tocila, ta manna gilashin dubawa a ido don dai a ga ta yi. Tsoro take ji, tsoro sosai. In ta ce anyan, magana ta ƙare, ba wanda zai musa mata, gobe ma ta zauna a wurinta. To amma muryar mutumin nan ba ta yi mata ba. Ko Zaw Latt da ba ya gaida kowa, yau ya gaishe ta har sau biyu.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar ido, kowa a Mogok ya san ta. Yaƙutu ya fi anyan tauri, in ka ja shi a fuskar anyan sai ya ci shi, anyan kuwa ba ya cin ɗan'uwansa. Sai dai wannan aikin 'yan koyo ne da baƙi. Mai duba da ya karci dutse a bainar jama'a ya gama shelar cewa idonsa ya mutu. Ita da bakinta ta sha yi wa wasu tsiya a kan haka.

"Gwaggo, lafiya?" in ji dillalin. "Ba kya daɗewa haka."

Ta ajiye gilashin. Ta murza zoben da ke yatsanta har ya fita da ƙyar. Marigayi mijinta ne ya haƙo anyan ɗin da ke kai, ya goge shi da hannunsa shekarar aurensu, fuskarsa shafal babu ko ɗigo.

"Me za ki yi?" Ko Zaw Latt ya rage murya. "Haba Gwaggo, mutane na kallo. Ki rufa wa kanki asiri."

Daga jin haka ta san ya sani. Da gangan ya kawo matar nan gabanta, ba gaban wani ba, don ya saye dutsen a farashin anyan.

Ta dafe zoben a kan farantin tagulla, ta lalubo kusurwar dutsen Ma Htay, ta danna ta ja. Ya yi wani ƙaramin ƙara mai tsinka haƙori. Hirar da ake yi a laimomin kusa ta tsaya.

"Gari ne," in ji Ko Zaw Latt da sauri. "Dutsenta ne ya gugu, ga farin nan."

Daw Nyunt ta lashi babban yatsa ta goge fuskar zoben. Ba ta ko kalla ba, ta sa farce ta bi. Farcen ya maƙale. Ta sake bi, ya sake maƙalewa.

"Yaƙutu ne, 'yar nan," ta ce. "Kada ki sa hannu a ƙarƙashin mayafi ki yi cinikin ɓoye da mutumin nan. Ki je layin sama, ki nuna wa mutum uku kafin ki buɗe baki."

Ma Htay ta kifa goshi a ƙafafun Daw Nyunt tana kuka, kafin ta miƙe dillalai sun yanyame ta. Hayaniyar ta tafi da ita. Ko Zaw Latt ya tofar da jan yawu a gefen teburin ya bi bayansu.

Daw Nyunt ta gyara zama. Wani mai haƙa da ke jiran layi tun safe ya tsaya jim, ta ji yana nannaɗe takardar dutsensa, ya ce bari ya sha shayi ya dawo. Mai laimar kusa, wadda suka shekara ashirin suna musu, ta turo mata kofin shayi har ya taɓa hannunta, ta ce, "Yana hannunki na dama, Yaya. Da zafi."

Har aka tashi kasuwa da tsakar rana ba wanda ya sake zama a gabanta. Ta mayar da zoben, ta naɗe laimar, ta bar gilashin dubawar a kan teburi. A hanyar gida tana tafe a gefen titi a hankali, farcenta na bin layin da dutsen ya ja a kan zoben gaba da baya. Rabon da ta tabbatar da dutse haka tun kafin damina.