Kabewar Gindin Shinge

Irin kabewar Iya Fulera bai rage ba sai abin da zai cika tafin hannu. Tun daga Nariya ta zo da shi Kahu lokacin aurenta. Kabewa ce mai jan ciki, mai gari, wadda in ta shiga miyar taushe maƙwabta kan aiko da kwano. Shekara da shekaru tana juya irin nan, har ciwon ƙafa ya hana ta zuwa gona, sai ta danƙa shi a hannun jikarta Nuriyya.

Nuriyya kuwa da rashin sa'a ta fara. Da rani ta shuka rabi a lambun babanta, Malam Halliru, a tsakanin tumatir, inda aka share ko'ina tas ana kuma feshi a kai a kai. Kabewa ta yi yaɗo, ta yi fure, 'ya'ya suka fito kamar ƙwan zabo, sai su yanƙwane su faɗi. Ko ɗaya bai tsira ba.

"Nuna su kika yi da yatsa," in ji Iya. "Wa ya ce miki ana nuna ɗan kabewa?"

"Wallahi Iya, cikin mantuwa ne."

"To ai ga mantuwar nan a ƙasa."

Da damina ta sauka masara ta cinye gona, babu wuri sai can ƙarshe a gindin shinge, inda tafasa da yaɗiya da rai-ɗore suka sarƙe, ga wani tsohon kututture kwance a ciki. Nan Nuriyya ta binne sauran irin duka. In wannan ya tafi, kabewar Iya ta tafi ke nan har abada.

Da fure ya fara buɗewa sai ta riƙa sammako, hannuwanta a ƙunshe cikin hijabi don kada yatsa ya kufce mata. Abin da ta tarar ya kusa sa ta ihu. Wurin ƙugi yake yi! Ga ƙudan zuma, ga galla 'yan mitsi-mitsi suna rububi, ga malam-buɗe-littafi fari da mai ɗigo-ɗigo, ga wani koren ƙuda mai sheƙi da ba ta san sunansa ba. Daga furen tafasa su faɗa na kabewa, daga na kabewa su koma shinge. Babbansu wani baƙin ƙwaro ne mai kaurin babban yatsa, yana tafe yana gurnani kamar babur. Ta tuna lambun rani. Can fa shiru ne, in ban da ƙudan gida jefi-jefi ba ta taɓa ganin kowa a kan furen ba. Ta so ta gaya wa wani, amma ita da ko a aji muryarta rawa take yi, wa za ta tara?

Ran nan tana isowa ta ji ganga. Ashe ranar gayyar maimai ce, samarin unguwa sun cika gonar da fartanya. Can ta hango yayanta Lukman ya nufi shinge da adda a kafaɗa, wasu biyu na biye da shi.

"Yaya Lukman! Yaya! Tsaya!"

Ita kanta ba ta san tana da murya haka ba. Ta keta masara a guje, takalmi ɗaya ya maƙale a laka ta bar shi.

"Ke lafiya? Kunama ce?"

"Me za ku yi wa shingen?"

"Aski," in ji shi, abokansa suka tuntsire da dariya. "Baba ya ce a kwantar da shi, gidan macizai ne. Kututturen kuma a faskara. Matsa, malamar kabewa."

Ba ta matsa ba. Ta tsaya a gabansa ƙafa ɗaya ba takalmi. Mai ganga ya sassauta, Malam Halliru ya taho yana share zufa.

"Nuriyya, me ya kawo ki cikin maza?"

"Baba, don Allah ka tsuguna kaɗan. Kaɗan kawai, kafin furen ya rufe."

Ya dube ta, ya dubi samarin, ya tattara riga ya tsuguna. Ga galla nan, ga ƙudan zuma, amma babban ƙwaron bai zo ba. Nuriyya ta riƙa addu'a a zuci. Lukman ya fara buga bayan adda a tafin hannu.

Sai ga gurnani. Baƙin ƙwaron ya faɗo cikin wani fure, ya nutse har ba a ganinsa, ya fito jikinsa duk ya yi buɗu-buɗu kamar an birkiɗa shi a garin ɗorawa. Ya tsallaka wani furen mai ɗan ƙulli a gindi, ya yi ta mutsu-mutsu, sannan ya tashi ya shige wani rami a jikin kututturen.

"Ka gani, Baba? Ka gani? Nan ne gidansa! Malamarmu ta ce garin furen nan in bai je wa fure mai ƙullin ba, ɗan kabewar faɗuwa zai yi. A lambu babu su, Baba, babu ciyawa, babu inda za su zauna, ga rani. Ni dai ban tabbata ba, amma ina jin shi ne, wallahi ina jin shi ne!"

"Numfasa mana," in ji Malam Halliru. Ya dubi shingen. "Macizan fa? Su ma malamar ta ce a bar su?"

Nuriyya ta sunkuyar da kai. Idonta ya ciko.

Ya miƙe yana kaɗe riga. "Lukman, ku sare na bakin hanya inda ake wucewa. Wannan ɓangaren ku bar shi har kaka. Ke kuma ba ki ƙara shigowa nan da silifa. Kai Lukman, ka ba ta takalmin ruwanka."

"Nawa, Baba? Ai har cinya zai kai mata!"

"To sai ta fi tsira."

Haka ta riƙa zuwa, ƙwaf-ƙwaf cikin takalmin Lukman, yara na yi mata dariya. Wasu 'ya'yan sun faɗi, ta yi kuka. Amma wata safiya ta ɗaga ganye ta ga ɗaya ya wuce ƙwan zabo, ya kai dunƙulen hannu, yana sheƙi. Ta ɗaga na gaba, ga wani. Ta yi tsalle har takalmin ya fita.

Da kaka ta shigo gida da kabewa a ka, wuyanta na rawa don nauyi, tun daga zaure take kiran Iya. Tsohuwar ta ƙwanƙwasa ta, ta sa wuƙa, ta tsage biyu. Ciki ja wur. Ta cusa hannu ta kwaso iri cike da tafi, ta sake kwasowa, ta baza a faifai.

"Tawa ce," in ji ta a hankali. Sai kuma ta ɗaga murya. "Ke, tsayuwar me kike yi? Kori kajin nan kafin su gama da mu!"