Ido Arba'in a Layin Bututu

Aikina ba shi da wuyar faɗa. In ɗiga ruwan sinadari a kan ɗan gilashi, in rufe, in cire hannuna. Ruwan na bushewa, ƙwayoyin da ke cikinsa sai su jera kansu da kansu, zare-zare, siraran da gashin kai ma gungume ne a gabansu. Haske ya taɓa zaren, lantarki ya bi ta ciki. Mu a ɗakin gwaji ido muke ce masa.

Ido arba'in muka haɗa wa wata masana'antar iskar haidirojin, wadda wutarta ba ta ganuwa da rana. Ido na hango wutar, ƙararrawa za ta kaɗa. Autanmu can yake aikin duba bututu. Ni kuwa na cika wa 'yan gida kunne, wai yanzu ni ke gadinsa.

Ranar Talata da hantsi na ɗauko ido ɗaya da muka ajiye, haɗi ɗaya da waɗancan. Na haska masa fitilar gwaji, allurar ma'auni ko gezau. Na tsine wa wayar lantarkin, na canza ta. Shiru. Na sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Babu zare. Ashe ƙwayoyin nan ba su daina tafiya ba. Zafi da laima sun sa sun sake shiri, sun dunƙule kamar garin da ya sha ruwa.

Farfesa, shugabanmu, ya leƙa madubin. "Ɗaya ne fa. Kada ki tayar wa mutane da hankali."

"Ranka ya daɗe, makahon ido da idon da bai ga wuta ba, amsarsu ɗaya ce: sifili."

Na ɗauko wayata. Na kira Auta.

"Yaya, kin ci a yaba miki," in ji shi. "Wata biyu ke nan ƙararrawa ko tari ba ta yi ba."

"Tsintsiyar fa?" Kafin zuwan idanuna, da doguwar tsintsiya suke bin layin, a miƙe a gabansu. In ta kama da wuta, a ja da baya.

Ya yi dariya. "Wace tsintsiya kuma? Oga ya ba masu shara. Bari in kira ki, akwai bututun da ke huci a baya, zan leƙa."

"Auta, tsaya inda kake."

Ya riga ya kashe. Ba a shiga wajen bututu da waya, a tebur ake barin ta. Na sani sarai, amma na sake kira. Tana shiga, ba a ɗauka.