Uwar Gada

Duk unguwar Nasarawo ta Gombe babu wanda ya tsani Uwar Gada kamar Hadijatu mai awara. Uwar Gadar nan kuwa ba mutum ba ce, a littafi take. Littafin ma 'yarta Rumaisa ce ke rubuta shi a waya, ta karanta da muryarta, ta tura wa matan guruf ɗinsu na WhatsApp. Hadijatu boko bai zauna mata ba, tun a firamare suka rabu, amma kunnenta lafiya lau. Sai ta jingina wayar a jikin robar yaji, tana juya awara tana sauraro.

Labarin wata yarinya ce, Bashira, da ta fita neman inuwar ƙanenta da aljanu suka sace. A littafi na ɗaya ta ratsa dajin da itatuwansa ke zubar da jini. A na biyu ta tsallake kasuwar matattu. Tun farkon na uku kuwa take maƙale a bakin wata gada, hannun wata tsohuwar dodanniya. Ita wannan ba ta cin mutane, ciyar da su take. Duk matafiyin da ya zo sai ta tura masa kwano, ya cinye ta ƙara, har jikinsa ya yi nauyi ya manta inda za shi. Makullin gadar kuma yana ƙulle a bakin zaninta.

Kowane kashi ya fito, Hadijatu ce farkon tura murya.

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai Allah ya isa tsakanina da tsohuwar nan. Yarinya da abin yi a gabanta, kin tsare ta da tuwo! Rumaisa, ki sa a sare mata kai mu huta."

Mata su yi ta turo fuskokin dariya. Ita kuwa ta ɗauka iya maganarta ce ke burge su.

A cikin gidan kuma akwai wata magana a ƙasa. Rumaisa ta samu makarantar aikin jinya a Yola, an ce in ba ta je ranar Litinin ba, za a ba wata gurbinta. Babanta Malam Wakili ya sa albarka tuni. Hadijatu ba ta ce a'a ba, ita ba ta taɓa cewa a'a. Akwatin tafiyar dai yana ɗakin Hadijatu a kulle, kuma duk aka tada zancen sai ta tuna da tukunya a wuta.

Ranar Asabar da hantsi, Chinyelu mai shagon kayan masarufi da ke jikin katangarsu, wadda kowa ke kira Maman Zikora, ta kawo man gyaɗa ta zauna a benci jin sabon kashi. A Gombe aka haife ta, ita ma 'yar guruf ce. Hadijatu ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwarta, sai ga Rumaisa ta fito da hijabi.

"Dada, zan je tasha in tambayo motar Yola."

"Ina za ki da ranar nan? Zauna ki ci tukuna, Yola ba guduwa za ta yi ba."

Ta tura mata faranti, ta danna wayar. Muryar Rumaisa ta fito, ta maƙe ta irin ta tsofaffi: "Uwar Gada ta miƙe ƙafa tana shafa kitsen kura a gwiwarta, ta ce, ina za ki da ranar nan? Zauna ki ci tukuna, gada ba guduwa za ta yi ba."

Maman Zikora ta riƙe ciki, ta zame daga benci.

"Maman Rumaisa, wallahi mun daɗe muna jira! Har mai markaɗe ta gane, ke kaɗai kika rage."

Hadijatu ta dubi gwiwarta tana ƙyallin mai. Ta dubi farantin. Ta shafa bakin zaninta, ta ji makulli. Rumaisa kuwa ta shige ciki kamar an ja ta da igiya. Awarar kaskon nan duk ta ƙone.

Da Hadijatu ta idar da azahar ta daɗe a kan darduma. Istigfari take, amma ta rasa ta ina za ta kama. Mace da girmanta ta tsaya gaban matan unguwa ta yi wa kanta Allah ya isa, ba sau ɗaya ba. Har sare kai ta nema. "Ya Ubangiji," ta ce a hankali, "waɗancan addu'o'in dai a ajiye su gefe."

Ta samu Rumaisa a ɗaki.

"Kitsen kura, ko?"

"Dada, ki yi haƙuri. Ban yi niyya ba. Ina rubutawa kawai sai ta riƙa magana irin taki."

"Haƙoran nan da kika ce sun kai ƙirji, su ma nawa ne?"

"Wannan ƙari ne."

"To me ya hana ki kashe ta? Tun yaushe nake roƙo!"

Rumaisa ta sunkuyar da kai. "Na kasa. Duk na kai Bashira ga takobi, sai in ga tsohuwar ta tashi tun asuba ta ɗora mata ruwan wanka."

Hadijatu ta juya tana gyara labulen da babu abin da ya same shi.

"Rubuta cewa ta buɗe gadar."

"Ba a yin haka, Dada. Masu sauraro ba za su yarda ba. Mutumin labari ba ya canzawa haka kawai, sai da dalili."

"Dalili? Ke kin taɓa tambayarta? Littafi guda tana zaune a bakin gada, babu wanda ya ce mata Inna me ya zaunar da ke. Kina jin ita ba ta san abin da ke hayin can ba? Ta san babu mai dafa wa yarinyar komai. Ta san in ta yi zazzaɓi babu mai taɓa goshinta. Tsoro take ji, uwar kowa ma haka take. Amma ta ji ana zaginta, ta duba, ta ga mai zagin ta fi kowa gaskiya. Ga dalili. Rubuta."

Ta kwance makullin. Ƙullin ya daɗe, sai da ta sa haƙori.

Ranar Lahadi da safe keke napep biyu suka kai su tasha, ɗaya mutane, ɗaya kaya. Yaji, ƙuli-ƙuli, dambun nama, kuka, daddawa, garin kunu, har da ƙaramar tukunya. Direban motar Yola ya ɗaga buhun kayan ya dire.

"Hajiya, makaranta za ta ko gidan abinci za ta buɗe?"

"Ɗora, ɗan nan, ba kai za ka ci ba."

Har mota ta fara tafiya Hadijatu ta bi ta da ɗingishi, ta cusa ƙullin awara ta taga. "Ki ci kafin ta huce! Ki riƙe salla!"

A keken komawa ta goge ido da bakin hijabi, ta danna wayar ta kai baki.

"Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar sare kan nan na janye. Kuma duk wadda ta sake zagin tsohuwar nan, ta nemi mai yi mata awara."