Famfon Rijiya ta Bakwai

Shekarar Narelle Pappas goma sha ɗaya tana rubuta wa famfunan ruwa manhaja a garin Townsville, ba a taɓa yi mata tsiya tun kafin ta kurɓi shayin safe ba sai ranar wata Talata.

"'Yar nan, famfonki ya sake macewa," in ji Clive Tuckey ta waya. Tsoho ne mai kula da wata gonar shanu can yamma da garin Longreach, tafiyar yini guda a mota. "Shanu ɗari takwas sun yi cirko-cirko a bakin kwami, suna kallona kamar ni na shanye ruwan."

"Wa ya sani, Baba Clive, ko kai ɗin ne?"

"Yi dariyarki. Ai ke kina cikin sanyin ofis."

Abin ya ɗaure mata kai. A teburinta manhajar lafiya lau take aiki, amma a 'yar na'urar da ke sarrafa famfon rijiya ta bakwai sai ta tsaya cak. Ga shanun ba za su jira ta yi doguwar tafiya ba. Sai ta sake harhaɗa manhajar yadda za ta iya leƙa cikinta daga nesa, ta fara tura ta can ta tauraron ɗan'adam.

Da aka kai rabi, layi ya yanke. Ta sake, ya kuma yankewa.

"Baba, me ke kan tasar tauraron nan taka?"

Ta ji takun takalminsa a kan tsakuwa. "Kai! Aku ne, sun fi ashirin. Har wani na gwaguyar waya, ɗan banza!"

"Kore su. Ka tsaya nan har in ce ka tafi."

"Shekarata sittin da tara, yau kin mai da ni mutum-mutumin gona."

Haka ya tsaya cikin rana yana kaɗa malafa yana ashar, ita kuwa ta ƙura wa allo ido har manhajar ta sauka gaba ɗaya. Ta tashe ta, ta riƙa bin ta layi-layi. A layi na ɗari biyu da shida ta ga matsalar da idonta: manhajar na raba wani adadi da yawan ruwan da ke tanki, tankin kuwa ya ƙafe ƙaf, sifili. Nan lissafin ke cijewa, don ba a raba adadi da sifili. A ofis ba wanda ya taɓa gwada ta da busasshen tanki.

Ta buga tebur har shayi ya fantsama. "Na kama ka!"

Layi uku ta gyara, ta harhaɗa, ta sake turawa. Ta kasa kunne a waya. Can sai ga gurnanin inji, sai ƙarar ruwa na dukan ƙarfen tanki, shanu suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

"Kin ji? Kin ji ko, 'yar nan?" in ji tsohon. "Wallahi kanki na ja!"

Narelle ta ɗaga wayar sama don abokan aikinta su ji, ofis ya kaure da tafi. Kafin a tashi aiki, ta tura gyaran zuwa sauran rijiyoyi arba'in da uku, tun tankunansu ba su ƙafe ba.