Awon Ƙanwar Direba

Tela tana da doka guda wadda kowa a unguwar ya sani: ba ta yanka yadi sai ta auna mutum da hannunta. In ka kawo mata tsohuwar riga ka ce ta ɗauki awo a jiki, sai ta miƙo maka abarka. Mata sun sha yi mata tsiya a kan wannan taurin kai, ita kuwa ko a jikinta.

Shekararta arba'in da shida, goma sha ɗaya daga ciki ta yi su ne daga ita sai keken ɗinki, tun rasuwar mijinta. Sai ga Direba, mai jan motar makarantar yara, mutum mai sanyin magana da ke zama a bencin baya a coci. Ya gyara mata ƙofar shago, ya sauya mata bel ɗin keke, kafin ta ankara ta fara kallon titi da la'asar kamar budurwa. Saura mako biyu a ɗaura musu aure.

Ya ce mata yana da ƙanwa a asibiti, shekara huɗu tana kwance, rabin jikinta ya shanye. Tela ta ce ba za a yi biki a bar ƙanwar ango babu sabuwar riga ba, ko da a kan gado za ta saka. Ya kawo tsohuwar riga, ta ƙi karɓa. Ya ce asibitin da nisa, ya ce ba a barin baƙi, ya yi ta kame-kame. Ranar Laraba ta rufe shago, ta rataya tef ɗinta a wuya, ta tafi ba da saninsa ba, wai don ta faranta masa rai.

Matar tana kan gado na ƙarshe kusa da taga. Ta rame, bakinta ya karkace, amma idanunta garau. Tela ta auna kafaɗa, ta auna wuya. Da ta ɗaga hannun hagu sai ta ga zoben aure, an naɗe shi da zare don kada ya zame. Nas ɗin da ke taya ta juya marar lafiyar ta ce ai ba ta yarda a cire mata shi, ko wanka za a yi mata. Mijin ma yana da kirki, in ji ta, duk Asabar sai ya zo da motar makarantar nan tasa.

Da ta tare Direba da maganar a shago, bai musa cewa matarsa ce ba. Ya zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, ya yi kuka da majina. Ya ce yana da takardar saki daga kotu, likita ya ce ba za ta tashi ba, kuma ba zai daina zuwa duba ta ba. Daga nan ya ɗago ya tambaye ta ko Allah ba ya so shi ma ya ji daɗi ne. Tela ta ji kamar ta kwaɗa masa dutsen guga. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne har a lokacin tana son sa, da majinar da komai. Ta ba shi zuwa Lahadi ya je ya gaya wa Fasto da bakinsa.

Yayarta ta zo da tata huɗubar. Takarda ta halatta, Allah ba mugu ba ne, kuma mace mai shekarunta ba kullum ake ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Haka mutane suke, in suna so ka yi abin da ba za su iya kare shi ba, sai su jawo Allah su tsayar a gaba.

"Yaya, ranar da aka yi mini baftisma ba alkawarin jin daɗi na ɗauka ba," in ji Tela. "Na tsarki na ɗauka. Matar nan ba ta iya magana, amma ta kalle ni ina auna ta."

"To sai ki ci tsarki, ki kwana da tsarki."

Bayan fitar Yaya ta turo ƙofar shago da rana tsaka, ta zazzage wa Ubangiji abin da ke cikinta. Shekara goma sha ɗaya ba ta roƙe shi miji ba, me ya sa zai nuna mata sannan ya ce haram? Me zai rage shi da shi da ya bar ta cikin rashin sani? Ba ta durƙusa ba, a tsaye ta yi addu'ar, tana nuna silin da almakashi.

Direba bai je wurin Fasto ba. Ya san tana son sa, ya ɗauka za ta sauko.

Ranar Lahadi Fasto ya karanta sanarwar aurensu ta ƙarshe, ya tambaya kamar yadda aka saba ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana. Bai ma ɗago kai ba, har ya juya takarda. Tela ta dafa bencin gabanta ta miƙe.

"Yana da mata, Fasto. Tana da rai."

Ta ji ƙarar ƙofar baya, ta san Direba ne ya fice, ba ta waiwaya ba. Yaya ta ɗan matsa gefe da jakarta.

Ta sha jin masu ba da shaida suna cewa in ka yi biyayya salama ce ke sauko maka nan take. Ta zauna ta jira, babu abin da ya sauko sai ɗacin rai. Da aka tayar da waƙar yabo ta tashi tare da kowa, hawaye na zuba, ranta a ɓace da Wanda ake yi wa waƙar, ta rera ta har ƙarshe ba ta tsallake baiti ko ɗaya ba.